Kwalekwalen Siminti

Surukina Einar Solheim ya zaɓi ranar Lahadi, bayan mun dawo daga coci, muna tsakiyar cin gasasshen dankali da nama, ya ce kafaɗarsa ta gaji. Bai ɗaga murya ba, don a gidan Solheim ba a ɗaga murya ko da gobara ake yi. Ya ajiye cokali, ya nuna filafilinsa da ke rataye a bango, wanda ubansa ya sassaƙa da hannu, ya ce bana ne ƙarshen zamansa a bayan kwalekwale. Idan an gama tafiyar tafkunan arewa, zai miƙa filafilin ga wanda zai riƙa tuƙa iyalin daga yanzu.

Mai filafilin nan shi ke zama a baya, shi ke juya jirgi, shi ke cewa ga inda za a kafa tanti, kuma shi ake fara zuba wa kofi da safe. 'Ya'yan Einar biyu ne, duka mata, saboda haka sai na duba teburin na ƙirga maza. Ga ni, mijin babbar, Marlys. Ga kuma Gordy, mijin ƙaramar, mai gyaran famfo, mai wuya kamar na bijimi da wani murmushi da ban taɓa yarda da shi ba.

"Ni zan shirya tafiyar bana," in ji ni.

Marlys ta dube ni ta saman tabarau. "Wendell, tun da muka yi aure ake tafiyar nan, ba ka taɓa zuwa ba."

"Aiki ne ya hana."

"Bara ciwon baya ka ce."

"Shi ma ciwon bayan aiki ne ya kawo shi."

Inshora nake sayarwa a garinmu Duluth, kuma mujallun tafiyar daji da na karanta a ofis sun fi ƙarfin kabad guda. Na bayyana musu haka dalla-dalla. Na ce wasu da hannu suka san ruwa, ni da kai na san shi, kuma kai ne ke sama da hannu. Gordy ya ci gaba da tauna yana murmushi. Einar ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To. Tafiyar bana za ta zama daban."

Mu nan ba ma cewa abu ya yi muni. Idan gwaggon matarka ta dafa abin da ko kare zai sunsuna ya wuce, sai ka haɗiye ka ce, "Kai, wannan daban ne." Ni kaina na faɗi kalmar nan ga mutane fiye da yadda zan iya tunawa. Amma ranar da aka faɗa mini ita, yabo zalla kunnena ya ji, har kaina ya ƙara girma.

Marlys ta turo mini sauran dankalin. Na ce a'a, na ƙoshi. Ta sake turowa, na ce a bar wa Baba. Ta turo na uku, na share kwanon tas. Haka ƙa'idarmu take, yaro ma ya san ta: tayin farko gaisuwa ce, na biyu ladabi, na uku ne ake karɓa. Wanda ya karɓa a na farko ba shi da tarbiyya. Wanda ya yi tayi ya tsaya a na biyu kuwa, wannan yaƙi yake nema.

Washegari na buga waya wani shagon shirya tafiya a garin Ely, inda ake ba da tanti da abinci da taswira da mai jagora. Wata Joni Kangas ta ɗauka, ita ce za ta jagorance mu. Ta tambaye ni irin hanyar da muke so, na ce mafi nisa, mafi wuya, inda ko sauro sai ya yi guzuri kafin ya je.

"Kun taɓa yin irinta?"

"Iyalina sun saba. Ni ne dai shugaban tafiyar."

"Madalla. Kwalekwale biyu zan ware muku, irin marasa nauyin nan."

"Ɗaya ya isa. Ni da nawa zan zo."

Ba ni da kwalekwale a lokacin, ko filafili ba ni da shi. Amma na ga irin nasu a hoto, wasu rawaya-rawaya da hasken rana ke ratsawa kamar ɓawon ƙwai. Mutumin da zai gaji Einar Solheim ba zai shiga ɓawon ƙwan haya ba.

Ranar Asabar na bi gidajen da suka baza tsofaffin kaya a ƙofar gareji suna sayarwa. A gida na huɗu ko na biyar na ga wani kwalekwale a kife a bayan gida, ciyawa ta kewaye shi, fari-fari mai santsi, dogo, mai kwarjini. Na ƙwanƙwasa shi da yatsa, yatsan ne ya yi ƙara. Mai gidan, wani dattijo Delbert Rautio, ya taho da sauri har yana tuntuɓe.

"Da me aka yi wannan?" na tambaye shi.

"Siminti."

"Siminti kamar na gini?"

"Shi fa. 'Yata ce da abokan karatunta suka yi shi don wata gasa ta ɗaliban injiniya. Ta yi aure ta koma Arizona ta bar mini shi."

"Yana tashi a kan ruwa?"

"Yana tashi," in ji Delbert, yana kallon takalminsa. "Matsalarsa ba a ruwa take ba."

Ban tsaya jin inda matsalar take ba, domin tuni na hango kaina a tsakiyar tafki, Gordy na lallaɓa ɓawon ƙwansa yana tsoron kowane dutse, ni kuwa duwatsun ne ke tsorona. Delbert ya faɗi kuɗi kaɗan har na ji kamar na yi masa fashi. Shi kuma ya karɓa yana ɗaga ido sama, leɓɓansa na motsi. Matarsa ta leƙo ta taga ta tambaya ko da gaske an saya, da aka ce mata e, sai ta fito da faranti cike da biskit ta ce in tafi da shi duka, har farantin.

Mutum shida muka taru, har da mai kawo wasiƙu da ya zo wucewa, muka ɗora shi a rufin motata. Motar ta yi wani nishi, ta durƙusa. Na tuƙo a hankali, layin motoci a bayana, ba wanda ya danna oda, don mu ba ma yin haka, sai dai kowa ya zo wucewa ya ɗaga mini yatsa ɗaya daga kan sitiyari. Da na iso gida na tura ƙofa, ta ƙi buɗuwa. Rufin ya lotsa ya danne ƙofofin duka huɗu. Ta taga na fito, kai a gaba, na sauka da hannuwa a kan ciyawa, daidai gaban maƙwabciyarmu Misis Lindqvist da ke tsaye da kofin kofi.

"Sannu da zuwa, Wendell. Sabon jirgi ka yi?"

"Na siminti ne," na ce ina karkaɗe gwiwa. "Babu irinsa a duk jihar nan."

"Na yarda," in ji ta. Ta kurɓi kofi. "Daban ne kam."

Na yi mata godiya.

Marlys ta fito ta zagaya motar sau ɗaya, ta shafa rufin, ta dube ni. "Inshorar da kake sayarwa tana biyan irin wannan?"

"Wannan ƙaramar lotsawa ce."

"Wendell, kujerar gaba ta koma gado."

Dole na ari 'yar tirelar da ake ja da mota a wurin Gordy, wanda ya kawo ta da kansa don kada labari ya wuce shi. Muka kai jirgin wani ɗan tafki a bayan gari don gwaji. Rabin unguwarmu suka biyo mu, kowa ya ce dama yana da niyyar shan iska a wajen. Aka tura shi ruwa, kowa yana jiran ya nutse. Bai nutse ba. Ya zauna daram a kan ruwa kamar agwagwar da ta ƙoshi. Na shiga na tsaya a tsaye a cikinsa, na riƙe ƙugu, na yi musu ɗan jawabi a kan mutanen da ke yanke hukunci kafin su gani. A daren ko barci ban yi sosai ba don daɗi, da gari ya waye na samo jan fenti na rubuta masa suna a gefe: Gagarau.

Ina cikin gyara wutsiyar harafin ƙarshe Marlys ta zo ta tsaya a kaina.

"Wa zai ɗauke shi a tsallake?"

Tafkunan arewa ba a haɗe suke ba. Tsakanin wannan da wancan akwai siririyar hanya ta cikin daji, duwatsu da saiwoyi da taɓo. Nan ake fito da kaya, a kifa kwalekwale a ka, a ɗauke shi a kafaɗa har ruwa na gaba. Kuma a gidan Einar mai zama a baya shi ke ɗauka, shi kaɗai. Abin da ya cinye kafaɗar tsohon ke nan.

"Na riga na yi tunanin wannan," na ce, alhali a lokacin na fara jin labarin a raina.

Kafin azahar na kwance tayoyin injin yankan ciyawarmu, na haɗa su da katako da igiya, na yi wa Gagarau amalanke. Ciyawar gidanmu ta yi ta tsawo har ranar tafiya, Misis Lindqvist ta ce ita ma ta ji ana cewa barin ciyawa yana taimakon ƙudan zuma.

Mu huɗu muka isa Ely: ni, Marlys, Einar da filafilinsa a naɗe cikin bargo, sai Gordy, don matarsa ta ce ita a hoto za ta kalla. Joni Kangas ta fito daga shago, gajeriya, fuskarta duk rana ta ƙona, ta gaisa da kowa. Da ta zo kan tirela sai ta tsaya. Ta ƙwanƙwasa jirgin. Ta sa kafaɗa ta gwada ɗaga hancinsa, hancin bai san tana yi ba.

"Malam Wendell, wannan ne naka?"

"Shi ne. Idan ya yi karo da dutse, dutsen za a yi wa jaje."

"Daban ne," in ji ta. "Waɗannan tayoyin fa?"

Na nuna mata amalanken, na bayyana mata hikimar da ke ciki, har da yadda igiyar ke aikin birki.

"Ba a shiga dajin nan da taya," ta ce a hankali. "Doka ce. Ba inji, ba taya. Abin da ka shiga da shi, a kafaɗarka yake tafiya."

Na gyara fuska. "Ai na sani. Don filin ajiye motoci kawai na kawo su."

"Ina da wani mara nauyi a baya, ba wanda ya kama shi. Ka ɗauka mana."

"A'a, kada in sa ki wahala."

"Babu wahala, ga shi can a rataye."

"Haba, bar shi, wani zai buƙata."

Na gyara tsayuwa ina jiran na uku, har na shirya yadda zan ce to tunda kin matsa. Joni ta buɗe baki. Sai Gordy ya dafa kafaɗata.

"Ƙyale shi, Joni. Wendell da kai ya san ruwa. Mu masu hannu sai kallo."

Joni ta rufe bakinta. Einar ya ce sauro na ƙaruwa, a tafi.

Aka raba mu: Joni da Einar da Gordy a ɓawon ƙwai, ni da Marlys a Gagarau, ita a gaba, ni a kujerar mulki. Tashinmu ya ɗauki lokaci, don sai da muka yi ta tuƙi kamar masu haƙa rijiya kafin ya yarda ya motsa. Da ya motsa kuma sai na gano halinsa na biyu: inda ya sa hanci, nan za shi. Na sa filafili ta dama, ya yi gaba. Na sa ta hagu, ya yi gaba. Na gwada wani salon juyi da na gani a mujalla, ruwa ya cika mini hannun riga, shi kuwa ya ci gaba da harkarsa. Amma abin mamaki, duk sanda muka nufi tsibiri ko dutse, sai in ga ya karkata a hankali ya wuce.

"Kin ga yadda yake jin hannuna?" na ce wa Marlys.

"Ina gani," in ji ta, ba ta waiwayo ba. Filafilinta na can gefe a cikin ruwa tana jan hancin jirgin, gumi na bin wuyanta. Na ɗauka motsa jiki take yi.

Wani tsuntsun ruwa ya yi kukan nan nasu mai kama da dariya. Ban ji daɗinsa ba.

Wajen tsakar rana muka hango bakin tsallake na farko, ɗan wuri ƙunci tsakanin duwatsu biyu, jirgi ɗaya yake ɗauka. Su Joni sun riga sun isa, sun fitar da kaya. Joni ta ɗaga hannu tana mana alamar mu rage gudu.

"Wendell, tsayar da shi," in ji Marlys.

"Ina tsayarwa."

"Ba ya tsayawa."

"Yana tunani ne."

Gordy ya yi tsalle gefe, Einar ya ja da baya ba tare da ya saki kofinsa ba. Gagarau ya hau gaɓa da ƙarar da ta tashi tsuntsayen dajin gaba ɗaya. Na tashi daga kujerar baya na tsinci kaina a tsakiyar jirgi, rungume da jakar abinci. Da na miƙe na duba, ɓallin dutse ya fita kamar faranti.

"Me na gaya muku?" na ce. "Ku dubi dutsen."

Ba wanda ya dubi dutsen. Bayana suke kallo. Na waiwaya, sai ga kwalekwale uku sun iso, cike da tsofaffin mata masu farin gashi da manyan huluna, malaman makaranta ne da suka yi ritaya, suna tafiyarsu ta shekara. Tunda wurin fita ɗaya ne kuma Gagarau ya toshe shi, sai suka ajiye filafilai a cinya suka zauna jira. Wata daga cikinsu ta fito da gyaɗa ta fara rabawa.

"Kada ku damu da mu," ta ce. "Ba ma sauri."

Joni ta ɗaga ɓawon ƙwansu da juyi ɗaya, ta kifa shi a ka, ta shige daji kamar mai ɗauke da laima. Einar ya zauna a kan kututture, ya ɗora filafilin gado a gwiwa, ya zuba mini ido. Na san abin da yake kallo, kuma na san abin da ke kan gwiwarsa.

Na tofa yawu a tafin hannu. Na kama gefen jirgin na ja. Wani abu ya yi ƙara, kuma ba jirgin ba ne.

Gordy ya matso, hannu a aljihu. "Wendell, in kama maka?"

"A'a, na gode, ina dai duba inda nauyin ya fi taruwa ne."

"Ka tabbata? Ba komai fa, sai mu ɗauka tare."

"Haba, kada ka ɓata bayanka saboda ni."

Na tsaya jira. Shi ma ya tsaya. Na dube shi, ya dube ni. Matan nan tara da Marlys da Einar, duk haihuwar jihar nan, kowa ya san abin da ya rage a faɗa. Har mai rabon gyaɗa ta tsaya da hannu a sama. Sai Gordy ya faɗaɗa murmushin nan nasa.

"To, ka fi ni sanin jirginka," in ji shi. Ya saɓi jakarsa ya bi hanya yana fito.

Wata tsohuwa ta ce "Ash," a hankali. A wurinmu wannan daidai yake da a mari mutum a kasuwa.

Zuciya ta ɗebe ni. Na ja wutsiyar jirgin da dabara da addu'a har na kifa shi, hancinsa ya hau kan dutsen da ya fasa, ya bar 'yar kafa a ƙasa. Na rarrafa na shiga ƙarƙashi, na sa kafaɗa, na ce wa Marlys ta matsa kada iskar tashina ta kwashe ta. Na tattara duk ƙarfin da Allah ya ba ni da wanda na gani a mujalla, na miƙe.

Gaskiya na ɗaga shi. Wannan ko Gordy bai musa ba, ko da yake bai gani ba. Na ɗaga shi har ya bar dutsen, na yi taku ɗaya. Sai dai ba sama na yi ba, ƙafafuna ne suka yi ƙasa. Taɓo ya haɗiye ni zuwa idon sawu, zuwa gwiwa, na durƙusa, na kwanta, Gagarau ya biyo ni a hankali ya rufe ni ruf kamar yadda ake kife kaza da kwando.

Ciki duhu, sanyi, ga warin taɓo. Duk sauron da ke gundumar ya riga ni shiga. Daga waje ina jin muryoyi sama-sama. Aka ƙwanƙwasa.

"Wendell, kana da rai?"

"Lafiya lau. Cikinsa nake dubawa."

"Mu ɗaga maka?"

Sauro na cin kunnena, taɓo na shiga wandona, numfashi da ƙyar. Amma bakin da aka raina a Duluth ba ya shawara da mai shi. "A'a," na ji kaina ina cewa, "kada ku wahalar da kanku."

Marlys ba ta sake tambaya ba. Sai na ji muryarta ta canza, irin wadda ban taɓa ji a gida ba. Ta ce matan su fito ta kan duwatsu, huɗu nan, biyar can. Ta sa aka samo sanda mai kauri aka zura ta ƙasa. Ta ce idan ta ce uku, kowa ya ɗaga ya tura hagu. Haske ya shigo, na ga takalma da safa masu furanni sun kewaye ni. Suka tura. Gagarau ya mirgina, ya ga gangare, ya ci gaba da mirginawa yadda ya saba, ba mai tsayar da shi, har ya je ya sami babban dutsen da ya fi ƙarfinsa. Ya rabe gida biyu. Rabi ɗaya na ɗauke da "Gaga", ɗayan "rau".

Aka ciro ni daga taɓo kamar rogo, takalmi ɗaya ya zauna a can. Mai gyaɗa ta miƙo mini hankici, ta dubi gutsattsarin jirgin, ta dubi ni.

"Jirginka daban ne, ɗana."

A karon nan kunnena ya ji ta yadda take. Na ji kunya har cikin ƙashina.

Joni ta dawo daga daji ta tarar da mu. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce dokar da ta hana taya ita ce kuma ta hana barin ko ɓawon lemo a dajin nan. Duk abin da ya shigo sai ya fita, har ɓarɓashi.

Haka tafiyar mafi nisa, mafi wuya, ta ƙare a tafki na farko, inda idan ka hau dutse kana hango gilashin motarmu na walƙiya. Kwana biyu muka yi muna jigilar siminti. Marlys ce ta zauna a bayan ɓawon ƙwai, ta kai ta dawo, ta kai ta dawo, da nauyin da ya kusa nutsar da shi, ko ɗigon ruwa bai shiga ba. Ita ta ce ga inda za a kafa tanti. Ni kuma aka ba ni leda in bi gaɓa ina tsintar ɓarɓashi da takalmi ɗaya. Gordy ya so ya yi ta dariya, amma ba wanda ke masa magana sosai, don labarin tayinsa biyu ya riga ya zagaya tafkin.

Safiyar da za mu koma, matan nan suka biyo ta sansaninmu a hanyarsu ta fita, aka tsayar da su shan kofi. Kafin a fara zubawa Einar ya miƙe, ya warware bargon, ya fito da filafilin. Kowa ya zuba masa ido. Ya tako ya tsaya a gabana. 

"Wendell, kai ka shirya tafiyar nan. Kuma ka ɗaga shi, na gani da idona. Ga filafili."

Raina ya ce kama. Hannuna har ya fara tashi. Duk abin da ya same ni a satin nan daga jiran na uku ya same ni, kuma na sani sarai.

"Haba Baba," in ji bakina, "ni ban cancanta ba."

"Karɓi mana."

"A'a, Baba, akwai waɗanda suka fi ni."

Na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u, na buɗe tafin hannu a ɓoye, ina jira. Tsuntsun nan ya sake yin dariyarsa a tsakiyar tafki.

"To," in ji Einar. "Tunda ka nace."

Gordy ya gyara wuyan riga ya matso gaba. Einar ya wuce shi kamar ya wuce kututture, ya miƙa wa Marlys. Ta goge hannu a wando ta karɓa.

"Na gode, Baba."

"Marlys," na ce, "ko a'a ɗaya ba ki ce ba."

"Na ga inda a'a ta kai ka," in ji ta. Ta miƙa kofinta, Joni ta fara zuba mata.

Yanzu duk shekara ina zuwa tafiyar. A gaba nake zama, inda aka ce in tuƙa nan nake tuƙawa, a tsallake kuma jakar tukwane ce rabona. Gagarau yana ƙofar gidanmu, Gaga a dama, rau a hagu, Marlys ta cika su da ƙasa ta shuka furanni. Jiya ina ba su ruwa Misis Lindqvist ta tsaya da kofinta ta ce ba ta taɓa ganin tukunyar fure irin wannan ba, daban ce. Kafin in ankara na riga na ce mata na gode.